Raliya Mai Ƙuli da Hanyar da Ta Ratsa Makabarta

Raliya Tala ƙuli-ƙuli take yi a ƙauyenmu, kusa da Gidan Sori. Tun tana amarya na san ta: gajeruwa, mai ƙarfin hannu, ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Mijinta Bubakar, mai amalanke, ya rasu ya bar ta da ƴaƴa, aka binne shi a gefen makabarta, kusa da gawo.

A da, in za a sa hanya a taswira, mai awo ne ke zuwa da ƙafarsa, ya gaida maigari, ya sha ruwa, ya yi tambaya. Yanzu taswira tana cikin waya. Ita ta wayar kuwa sai ta ja layi ta cikin makabartarmu, wai gajeruwar hanya ce zuwa Gidan Rumji. Baƙin ƴan kabu-kabu suka riƙa bi. Kabarinmu ba siminti, tudun ƙasa ne da ƴar ƙaya. Tayar babur ta fara cin gefen na Bubakar.

Raliya ce kaɗai ke da babbar waya a unguwar, ɗiyarta Salima ta aiko mata daga Maradi. Da ta ji ana iya neman gyara, ta zo wurina, ni malamin makarantar boko da ake kira Mushe, muka aika wa masu taswirar. Amsa ta zo da Faransanci.

“Mushe, mi suka ce?”

“Sun gode. Amma ba su karɓi gyaran ba, wai babu shaida.”

“Shaida? Ai garin nan duk shaida ne!”

Sai ta yi yadda ake yi gaban maigari. Ta tara liman, da waɗanda suka haƙa kabarin, da tsofaffin unguwa. Kowa ya riƙe wayar da hannunsa, ya faɗi abin da ya sani, na rubuta, aka aika. Amsa ba ta daɗe ba: saƙonni sun yi yawa daga waya guda, an ɗauka mutum ɗaya ne ke ɓarna, an hana ta sake neman gyara.

Da na karanta mata, ta yi dariya, ta ɗaure wayar a bakin zane.

“Liman ma maƙaryaci ne ke nan? To, su riƙe taswirarsu.”

Mace ba ta shiga makabarta a wurinmu, ita ma ba ta shiga ba. Ta saro itacen aguwa ta dasa shinge a mashigar hanyar, ta kawo murhu da kasko ta zauna daidai inda taya ke bi.

Wani ɗan kabu-kabu ya taka birki gabanta, yana nuna mata waya.

“Inna, matsa mana. Ga shi nan, akwai hanya.”

“To ɗana, ka ce wa wayar ta sauko ta ɗauke ni. Ƙarƙashin ƙasar nan iyayen mutane ne. Ka zagaya ta bakin rijiya.”

Ya yi ƴan gunaguni, ya zagaya.

Har yau layin yana cikin taswirar, na duba. Aguwa ta kama, ta kai ƙugu. Liman ya sa samari sun sake tada tudun Bubakar, Raliya tana kallo daga bakin kaskonta, tana gaya musu inda ƙasa ba ta isa ba.