Dunƙule-Hannu a Bakin Rafin Kagoma

A Kafanchan aka haife ni, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, amma duk hutun makaranta babana kan kai mu ƙauye, ni da ƙannena, wajen mahaifiyarsa a ƙasar Kagoma. Kaka muke ce mata. Da an gama cin tuwo sai ta jawo 'yar kujerarta kusa da murhu, ta tura doya cikin toka, mu kuma mu kewaye ta. 'Ya'yan gari ne mu, yarenmu bai zauna a bakinmu ba, don haka da Hausa take mana tatsuniya, irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. A wurin Kaka sarki ya zo, amarya ma ya zo, wuta ya mutu.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne, har takan tashi ta kwaikwayi tafiyar biri. Amma akwai ɗaya da ba ta yi sai damina ta yi nisa, ruwa ya kore mu daga tsakar gida zuwa madafa. Ranar ba ta kallon fuskarmu, wuta take kallo.

"Ku matso, wannan ba na ihu ba ne," haka take buɗe ta.

Wai a zamanin da mahara ke zuwa kama mutane, gari ya watse, kowa ya gudu kan dutse. Cikin masu gudu akwai wata mata da ɗanyen jego, ko suna ba a yi wa jaririn ba. Suka ɓuya a kogo, jariri ya fara kuka, dattawa suka ce kukan nan zai tona asirin kowa. Sai matar ta sauka da shi bakin rafi, inda ƙarar ruwa za ta rufe muryarsa. Ta kwantar da shi a inuwar dutse, ta ce masa yanzu za ta dawo. Ba ta dawo ba. Jariri ya dunƙule hannu yana jira, har ya zama tsiro. Shi ne ganyen nan na bakin rafi mai kama da gashin tsuntsu, wanda sabon tohonsa ke fitowa a naɗe. Dunƙule-hannu take ce masa.

"Ku duba, ba ya fure, ba ya 'ya'ya," in ji Kaka. "Wanda ba a ba shi suna ba, ina zai yi aure?"

Wata rana na tambaye ta, "Kaka, jaririn mace ne ko namiji?"

"Yaro ne, Rifkatu," ta ce. Hakan bai warware mini komai ba, don ni ma yaro take ce mini. Ta zaro doyar, ta kakkaɓe toka, ta raba mana. Ita ba ta ci ba.

Ina sakandare Kaka ta rasu. Bayan wasu shekaru na samu shiga jami'a, sashen ilimin tsirrai. A shekarata ta biyu muka ɗauki darasin rabe-raben tsirrai na doron ƙasa: yadda kakanninsu suka fito daga ruwa, da irin su gansakuka da har yau ba su iya nisa da danshi ba, da waɗanda suka samu jijiyoyin jan ruwa suka miƙe, da masu iri, da masu fure da suka zo a ƙarshe suka mamaye ko'ina. Ina son darasin nan ƙwarai. Ranar da malaminmu ya shigo da wani ganye ya ɗaga sama, nan take na gane dunƙule-hannu ne. Ya juya bayansa ya nuna mana ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, ya ce daga nan wani gari mai laushi ke zubowa, da shi yake yaɗuwa. Ya ce danginsa sun riga duk wani fure zuwa duniya da nisa. Na ji daɗi kamar an kawo mini albishir, ashe yana haihuwa. Na so a ce Kaka na raye in gaya mata.

Da hutu aka ce kowa ya tattaro tsirrai daga garinsu, ya busar da su tsakanin tsofaffin jaridu, ya gano dangin kowanne da sunansa. Kuma da saiwa ake so, ba ganye kaɗai ba. Baba Ishaya, ƙanen babana, ya ɗauke ni a babur zuwa rafin da ke bayan tsohon gidan Kaka. Ya tsaya gaisawa da wani manomi, ni kuwa na gangara. A ƙarƙashin wani dutse da ya sunkuyo kan ruwa na tarar da su cunkus, kore shar, wurin da sanyi ko da rana tsaka. Na sa adda na tono mafi girmansu.

"'Yata, tsaya!"

Ban taɓa jin muryar Baba Ishaya haka ba. Ya gangaro yana santsi, ya tsaya yana kallon ramin da na haƙa, ya cire hula.

"Babanki bai gaya miki ba?"

"Me, Baba?"

Ya zauna kan dutse. Ya ce kafin a haifi babana Kaka ta taɓa haihuwa, lokacin mijinta yana can wajen haƙar kuza. Jaririn bai kai ranar suna ba. A al'adar wancan lokaci irin wannan ba a binne shi a gida, ba a zaman makoki, ba a son uwar ta yi kuka a ji. Tsofaffin mata suka ɗauke shi tana kwance, suka kawo nan. Sai daga baya ta bi sawu ta gano wurin.

"Duk damina sai ta zo ta share nan, har ƙafa ta gaza," in ji shi. "Mu ma ba daga bakinta muka ji ba."

Na dubi abin da ke hannuna. Laka na ɗiga daga saiwar, ga ƙananan toho a naɗe. Na durƙusa na mayar da shi, na danne ƙasar da tafin hannu. Baba Ishaya ya ɗebo ruwa da hularsa ya zuba, ya yi Addu'ar Ubangiji da yarenmu, ni ina binsa da Hausa. Can ƙasan rafi na samo wani na kai makaranta.

Yanzu ni ke koyar da wannan darasi. Muna yara na ɗauka Kaka na ja mana kunne ne kada mu riƙa zuwa rafi mu kaɗai. Da na girma na gane an hana ta kuka, sai ta nemi hanyar yin makokinta a gaban jikoki, muna cin doya ba mu sani ba. Abin da har yanzu ke tsaya mini a rai shi ne, a labarinta ba tsofaffin mata ne suka ɗauke jaririn ba. Uwar ce ta ajiye shi da hannunta ta tafi. Haka ta ɗauki abin a ranta har ta mutu, kuma babu wanda ya taɓa ce mata ba laifinta ba ne.

Bara na je gaida wata tsohuwa da suka yi zaman aure tare da Kaka, ido ya tafi amma hankali na nan. Na tambaye ta ko an taɓa zaɓa wa jaririn suna.

"Kakarki ya zaɓa tun yana ciki," ta ce, da irin Hausar Kaka. "Na roƙe shi ya gaya mini. Ya ce sai ya je inda yaron yake, ya kira shi da kansa."