Rubutun Goggo da Agbon Iya

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka buɗe kowa ya kama gini, ni direban babbar mota ne, ina ɗauko siminti daga Ikko zuwa Katsina. Mahaifina Bakatsine ne, fataucin goro ya kai shi Badun ya auro mahaifiyata, Bayarabiya. Ya rasu ina ƙarami, ya bar ni tsakanin Iya da ƙanwarsa, goggona, a gidanmu na Ƙofar Kwaya.

Maigidana ya ɗora ni a hanyar kudu ne saboda ina jin Yarbanci. A can kuwa da na buɗe baki sai su ce ga Mala, wato Bahaushe, yana kwaikwayonsu. In na dawo gida, abokaina su ce Bayarabe ya iso. Abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. A Katsina ko Iya ce ta yi mini Yarbanci, da Hausa nake amsa mata, in haɗe rai.

Wani abokina direba ne ya fara ba ni ƙwayar hana barci, wai don hanya. Ta hana barcin, ta kuma hana ni tunanin ko ni wane ne, sai na riƙe ta hannu bibbiyu. Abokin har tsiya yake mini, wai ɗan Ƙofar Kwaya ai dole ya girmama sunan unguwarsu. Ina dariya ina ramewa. Goggo ta ce halin dangin uwa ne ya fito. Iya ta ce ita a danginsu ba a taɓa yin haka ba. Kowa dai ya tura wa ɗan'uwansa ni.

Wata rana da la'asar na shigo gari, rabona da barci ban sani ba. Na tsaya a Ƙofar Ƙaura, na sauko, sai na ga ban gane wurin ba. Gine-ginen na Katsina ne, amma kunnena hayaniyar Ikko yake ji. Na je wurin mai shayin da ya san ni tun ina yaro, na tambaye shi hanyar gidanmu, da Yarbanci tiryan-tiryan. Ya saki baki. Na sake tambaya, ina mamakin me ya sa mutumin nan ba ya jin magana. Aka taru, wasu na dariya, wasu na salati. Mai shayin ne ya kamo hannuna har gida.

Likita ya ce in ban bar ƙwayar ba, ko kaina ya tafi ko in kashe mutane a hanya. Aka karɓe makullin mota, aka zaunar da ni a ɗaki. Na sha wuya ƙwarai. Barci, kuka ba dalili, zagi, roƙon a ba ni ko rabi ce. Wani lokaci in farka ban san da wane harshe zan nemi ruwa ba.

Goggo ta shigo da ƙwaryar rubutu. "Tashi ka sha, wanga na malamin ubanka ne. Kada ka kuskura ka haɗa shi da ruwan ɗacin can, ɓata shi za ya yi, ka ji na hwaɗa maka."

Tana fita Iya ta leƙo da kofin agbo, maganin gargajiyar Yarbawa, baƙi ƙirin, yana tururi. Da Hausarta mai karkata ta ce, "Sa wannan tukuna. Na goggonka bari sai anzuma, kar su yi faɗa a siki."

Na zauna da abu biyu a gabana. In na fara da wannan na ɓata wa waccan. Na rasa yadda zan yi, ga kai ba daidai ba, sai kawai na juye rubutun cikin agbon na ɗaga. Ban taɓa shan abu mai muni irinsa ba. Haka na riƙa yi kullum a ɓoye, ina miƙa wa kowacce abinta wayam.

Watanni suka ja kafin na dawo mutum. Wata safiya na jiyo su a tsakar gida suna musu. Goggo na cewa rubutunta ne ya tashi ɗanta, Iya na cewa wane ɗanki, ɗana dai, kuma agbo ne. Na kwanta ina saurare, hawaye na bin kunnena, don ban taɓa jin ana rigima a kan wa zai ɗauke ni ba.

Ban ƙara taɓa ƙwaya ba, ko da yake ta daɗe tana kirana. Goggo da Iya dukansu sun rasu yanzu, Allah ya ji ƙansu, ban kuma taɓa gaya musu abin da na yi ba. In ka tambaye ni wanne ya yi aiki, wallahi har yau ban sani ba, wataƙila ma likitan ne. Ni dai na shanye duka biyun, ban zubar da na kowa ba, kuma ba su yi faɗa a cikina ba.