Gonar da ba ta son rana

Ina shigowa gida da buhun garin katako daga kasuwar Katako, sai na tarar Inna ta fito da ledojin laimar kwaɗina duka, ta jera su a rana.

Irin wadda ake ci nake nomawa cikin leda cike da garin katako, a wani ɗan ɗaki mai duhu. Wata guda ina lallaɓa ta. Inna kuwa baƙuwa ce daga Tawa, duk rayuwarta hatsi ta sani.

"Inna, rana kashe ta take yi!"

"Ke ɗiyata, wace shuka ce ke gudun rana? Tausayi ta ba ni, kin kulle ta kamar mai takaba."

Muka kwashe a guje, amma rabi sun bushe.

Yau da safe na iske ta zaune cikin ɗakin. Ta yayyafa ruwa, tana kallon ƴan fararen kawuna suna leƙowa daga ledojin da suka tsira. Ta lumshe ido.

"Ƙamshin ruwan farko," ta ce. "Haka marigayi babanki ke tsayawa bakin gona yana shaƙa."

Na ja mata ƙofa a hankali.

Ku fa, wane ƙamshi ke maida ku gida?