Ɗinkin Yaya Kulu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Kulu, kuma shekara bakwai ke nan mutanen Dutsin-Ma suna faɗar abin da ba haka yake ba. Kowa cewa yake mijinta, Ado mai gyaran rediyo, shi ya ƙirƙiro kiɗan da ake kira ɗinki, wannan da ake sakawa a biki ganga ta yi ta tafiya ba tsayawa. Ƙarya ne. Ku je ku tambaye shi abin da ya haɗa kiɗa da ɗinki, ku ga yadda zai hau sosa ƙeya.

Yaya Kulu tela ce. A lokacin, masu lasifika duk maza ne, ba su shiga cikin gida ranar wunin biki. A ƙofar gida suke kafa kayansu, su saka abin da suka ga dama, mu mata muna ciki muna rawa da abin da ya tsallako katanga. Sai jiki ya fara ɗumi, waƙa ta ƙare, ko mawaƙi ya tsaya yabon wani Alhajin da ba mu sani ba. Wannan abu yana ƙona mata rai. Ranar nan ta ɗauko rikoda biyu daga shagon mijinta, ta kwance kaset, ta zaro zaren, ta sa masa alama da allin da take zana yadi. Ta yanke da reza, ta zubar da yabon Alhaji, ta haɗa ganga da ganga da jan farce. Ta ce ai ɗinki ne, yadin ne kawai ya bambanta.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, 'yar Kudu, ta riƙa ara mata faifan disko. Yaya ba ta jin kalma ɗaya a ciki, bugun kawai take so. Shi take ɗinkewa da kalangu da kiɗan ƙwaryar da ta ɗauko da kanta a gidan kakarmu a Birchi. In ta zauna a tsakar gidan biki, rikoda ɗaya a cinya ɗaya a gefe, wannan na mutuwa wancan ya tashi, babu mai jin gaɓar.

"Ke Ladi, daina kallon fuskarsu," haka take ce mini. "Ƙafa za ki duba. In ƙafar tsohuwa ta motsa, an gama."

Na gani da idona a wani biki a Kurfi. Goggon ango ta ce, "Mi ne ne wannan, kiɗan 'yan Ikko a gidan Malam?" Yaya ta ce, "Goggo, ki yi haƙuri, yanzu zan kashe." Ba ta kashe ba, ƙwarya ta shigar a kai. Kafin la'asar Goggo ta ɗaure gyale a ƙugu tana cewa a ba ta wuri.

Naƙuda ta kama ta a Birchi da damina. Kafin a sami mota, kafin motar ta fita daga taɓo, ta cika a hanya, ita da abin da ke cikinta. Ba a yi arba'in ba Ado ya fara kwafar kaset ɗinta yana rubuta sunansa a jiki. Ban yi mamaki ba. Abin da ban yafe ba shi ne na wata mata da ta zo gaisuwa, ta duƙa kusa da mahaifiyarmu ta ce, "Inna, duk sanda aka saka kiɗan nan mata suka taka, zunubin a kan Kulu ake rubutawa." Ta faɗa, ta sha fura, ta tafi. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara zuwa biki ba. In ta jiyo lasifika daga nesa sai ta shige ɗaki ta ja tasbaha.

Yau samari suna yawo da na'ura mai ganga a cikinta, maɓalli ɗaya za ka danna ta yi ta bugu har batir ya mutu. Wai sunansu di-je. Ina tambayar kaina abin da Yaya za ta ce. Ina jin za ta so na'urar, don ta sha yanka a yatsa. Amma za ta yi tsaki, don har yanzu a ƙofar gida suke tsaye, ba su ganin wanda suke yi wa kiɗan, kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu.

Kaset ɗinta na asali suna cikin adakata. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. A ɗaya daga cikin kaset ɗin, kafin ganga ta faɗo, ana jin ta tana cewa, "To, a tashi." Abin da ya rage na muryarta ke nan a duniya.

Makon jiya Inna ta kira ni. Idonta ya tafi, sai da ta laluba ta kamo hannuna.

"Ladi, ki ƙona su kafin in mutu. Ɗiyata na kwance ana ƙara mata kaya."

"Inna, wa ya ga kayan?"

"Ke kin ga babu?"

Ban gani ba. Ni ba malama ba ce, sakandare na yi, kuma Inna ba shashanci take ba, tsoro take ji wa 'yarta. Zan iya ƙona tsofaffin kaset ɗin Ado a gabanta, ta ji warin roba hankalinta ya kwanta. Na yi tunanin haka kwana uku, na ga ba zan iya yaudarar makauniya ba. Kullum ina roƙa wa Yaya gafara, Allah ya jiƙanta, amma ba zan sa wa muryarta wuta a kan maganar 'yar gaisuwa ba.

Ranar Asabar akwai wunin biki a Karofi, uwar amarya ta aiko ko akwai mai iya shiga ciki da rikoda. Na ce akwai. Zan gaya wa Inna kafin in fita, ba sai na dawo ba.