Biskit ɗin Karyar Garke

Ƙanena yana da garken awaki a bayan unguwar Ka'akiyya a nan ƙasar Larabawa, can inda gidaje suka ƙare duwatsu suka fara. Akwai wata karya da ke gadin garken, ja mai farin wuya, ta daɗe a wurin har gashin bakinta ya soma furfura. Ni ban taɓa kula ta ba. A gidanmu na Rusaifa ba mu san kare ba, kyanwoyin unguwa ne kawai ke zuwa bakin ƙofa neman kan kifi.

Jikokina biyu ne suka sa na san ta. Babbar tana aji ɗaya a lokacin, ƙanenta kuwa ko makaranta bai shiga ba. Uwarsu na aiki a asibiti, saboda haka a wurina suke yini ranar Asabar. Wata rana ƙanena ya kai su kallon 'yan awaki, suka dawo ba su da zance sai na karyar. Wai ta haihu, ta rame, haƙarƙarinta duk a waje.

"Sitti," in ji yarinyar, don haka suke kirana, "mu yi mata biskit. Na gani a wayar Mama, ana yi wa karnuka."

Na ce, "Ke da bakinki! Ku ma ban gama gasa muku ba, sai kare?"

Ta ce a hankali, "Miskina ce, Sitti. 'Ya'yanta suna ta shan ta."

Wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Na buga wa ƙanena waya, ya yi ta dariya har da tari. Da ya natsu ya ce, "Yaya, in dai za ku yi, ban da albasa, ban da sukari da gishiri. In da hanta ku sa, tana so."

Muka shimfiɗa leda a ƙasan kicin muka zauna. Na dafa kabewa da 'yar hanta, na daka, na zuba garin alkama da tunkuza. Yaron ya nace shi zai fasa ƙwai, ya fasa rabi a kwano rabi a gwiwarsa. Yaran nan Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausarsu tsinto-tsinto ce, amma ranar sai ga su suna bin bakina. In ce kwaɓa, su ce kwaɓa. In ce murza, yaron ya ce "mujja", yayarsa ta gyara masa, ita ma ba daidai ba. Da kwalba muka murza ƙullin, muka yanka da bakin kofin shayi. Yarinyar ta ce ita siffar ƙashi take so, ta yi ta fama da wuƙar roba, abin ya fito kamar takalmi. Na ce ya yi kyau, karyar ba za ta yi gardama ba.

Da na sa tiren a furun, wato murhun gashi, suka tsuguna gaban gilashin suna kallo, kicin ya cika da ƙamshin gyaɗa. Bayan na fitar na ajiye ya huce, na juya wanke hannu, na waiwayo na tarar yaron yana tauna, fuska a yamutse.

"Babu daɗi," ya ce, amma bai tofar ba.

Bayan la'asar ƙanena ya zo ya ɗauke mu. Rana ta yi sanyi, duwatsun sun yi ja. A hanya na ja musu kunne cewa a ƙasa za su ajiye mata, kada su miƙa hannu, kada su taɓa 'ya'yan. Muka same ta kwance a inuwar tankin ruwa, ƙananan suna birgima a cikinta. Yarinyar ta ajiye biskit a kan wani faffaɗan dutse ta ja baya. Karyar ta taso ta shinshina, ta dube mu, ta koma ta kwanta.

Idon yarinyar ya ciko. "Ba ta so."

Ƙanena ya ce, "Tana so, jikalle. Ba ta ci a gaban baƙi ne. Yalla, ku juya baya."

Muka juya mu huɗu muna fuskantar awaki, ni da abayata da sauran gari a hannun riga. Wata akuya ta zo tana jan ledar da ke hannuna. Can sai muka ji ƙurus, ƙurus, a bayanmu. Yaron ya so ya waiwaya, yayarsa ta kama kansa da hannu biyu ta riƙe. Muna nan tsaye har ƙarar ta ɗauke.

Sauran biskit ɗin muka bar wa ƙanena a cikin gwangwani, ya rataye a inda awaki ba za su kai ba. Ya tatso mana nono a gora, muka yi sallar magariba a kan tabarmarsa, sannan ya mayar da mu gida.