Na je sunan jika, na dawo da ƙaguwa

Na kamo ƙaguwa a teku da hannuna! Af, salamu alaikum. Kuma 'yata ta haihu a Legas, namiji, har an sa masa sunana.

Washegarin suna surukina ya ɗauke ni yawo a jirgin ruwa mai inji. Ni da ban taɓa wuce bakin dam ɗinmu na Kontagora ba, sai ga ni cikin rigar hana nitsewa, ina amai ina salati. Ya ɗaura kan kifi cikin kejin waya muka zura a ruwa. Da na jawo igiya, ga ta nan, ta fi tafin hannuna.

A bokiti na taho da ita har gida. Na juye rabin gishirin matata Hajiya a ruwan rijiya don kada ta yi kewar teku.

Hajiya ta saurari labarina har ƙarshe, sannan ta ce, "To Malam, jaririn da wa ya yi kama?"

Ƙafafun ƙaguwa na ƙirga sau uku, amma fuskar takwarana ta ɓace mini.

Ta miƙo wayarta. "Duba nan. Wannan ƙaton hancin naka ne, Allah Ya ba yaro haƙuri."

Wallahi nawa ne sak. Sai da na share hawaye.

Jama'a, ku zo ku gani tun tana motsi. Amma Hajiya ta kafa doka: sai ka ga hancin takwara ka yi barka, sannan a buɗe maka bokiti.