Kaya Goma Sha Ɗaya a Bakin Iyaka

Shekarar da ake ta maganar mulkin kai a kasuwa da ƙofar masallaci, ita ce shekarar da na fara jan ayari da kaina. Ƙafafun mahaifina sun gaza, sai ya damƙa mini jakai tara, ya haɗa ni da ƙanensa, baffana, wanda ya fi ni sanin hanya amma ba ya ƙaunar tsayawa gaban ma'aikaci. Daga Tambuwal muke tashi mu yi yamma, mu ƙetare gulbi, mu shiga ƙasar Faransa har Foga, inda ake dafa gishiri. A can muke ɗauro shi cikin ƙunshin kaba mu kawo wa masu shanu a Kebbe.

A da ta daji ake bi. In ka biyo hanya, duwan, wato kwastan na Faransa, su kwance maka kaya. Ka tsallako, namu su sake kwancewa, gishiri ya yi ta zuba a ƙasa. To a waccan shekara sai aka ce ɓangarorin biyu sun daidaita: duwan ya auna kaya, ya rubuta takarda ya buga hatimi, kwastan namu ya duba takardar kawai ya sallame ka. Baffa bai yarda ba, ya ce bai taɓa ganin Turawa sun haɗa kai don sauƙin fatake ba. Ni kuwa na gaji da ɓuya cikin ƙaya, na ce ta hanya za mu bi.

A ƙarshen bazara muka ɗauro kaya. Duwan ɗin da muka samu wani Bazabarme ne dogo, mai jin Hausa sosai. Ya auna, ya shafa wa kowane ƙunshi jan fenti, ya rubuta nauyinsu, ya rubuta kayan jaki tara.

Ba mu yi nisa ba jaka guda ta fara ɗingishi, wani jakin kuma akumari ya ci masa baya har ya yi miki. Allah ya haɗa mu da wani mutumin Sanyinna da na sani, yana komawa gida da jakai biyu babu kaya. Ya ara mana su, muka rage wa marasa lafiyar nauyi. Ko kaɗan ban tuna da takarda ba.

Mai kwastan na ɓangarenmu Bazazzagi ne, bai daɗe da zuwa wurin ba. Ya duba takarda, ya duba jakai, ya sake duba takarda. Tara aka rubuta, shi kuma goma sha ɗaya yake gani da kaya. Na yi masa bayani, ya saurare ni har na gama, bai zage ni ba. Amma ya ce ba shi da ikon sakinmu, kuma in ta tabbata akwai ƙari, kayan gaba ɗaya za a ƙwace. Sai dai mu jira ranar kasuwa, ranar da duwan kan ƙetaro su zauna tare su gwada takardunsu. Saura kwana fuɗu.

Muka sauke kaya a fili kusa da wata tsamiya. Baffa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Sau ɗaya ya buɗe baki, muna alwala, ya ce, "Yanzu mi kaka so in ce ma tsoho?"

A rana ta uku da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, na farko a shekarar. Duk wanda ya yi fataucin gishiri ya san abin da ruwa ke yi masa. Na ruga wurin mai kwastan na same shi yana rubutu.

"Ranka ya daɗe," na ce, "in ruwan ga ya sauko, kai ba ka da abin tsarewa, ni ba ni da abin kaiwa gida."

Ya leƙo ya dubi sama. Ya ɗauko makulli ya buɗe ɗakin kwano inda suke ajiya, ya tuɓe rigar aiki ya kama ƙunshi tare da mu. Muna cusa na ƙarshe ruwa ya kece. Mu uku muka tsaya a bakin ƙofa muna haki.

Washegari da hantsi duwan ya iso a kan keke, wandonsa duk taɓo. Abin da ya ba ni mamaki, shi Faransanci ya sani, namu kuma Ingilishi, don haka da Hausa suka yi aikin, ina tsaye ina jin kome. Duwan ya bi ƙunshi ɗaya bayan ɗaya yana neman jan fentinsa. Aka rataya sikeli a reshen tsamiya aka sake aunawa, nauyi ya zo daidai da abin da ya rubuta. Ya yi dariya ya ce wa abokin aikinsa daga yau nauyi za su riƙa dubawa, tunda jaki kan gaji a hanya.

Da na ji ƙarar hatimi a kan takardar, sai na yi hamdala. Baffa ya ciro goro daga aljihu, ya fasa, ya miƙa musu da hannu biyu.

Muna ɗaura kaya duwan ya ja ni gefe. Ashe yana da ƙanwa da ke aure a Sanyinna, shekara biyu ba su ga juna ba. Ya roƙe ni in gaya mata tsohuwarsu ta sami sauƙi, har tana fita tsakar gida.

Kwana shida bayan nan muka tsaya a ƙofar gidan mijinta. Ta fito zaure ta tsaya daga bayan asabari, na isar da saƙo. Ta sa na maimaita mata har sau biyu. Daga nan ta aiko mana da fura cikin ƙwarya babba, muka sha muka ƙoshi, aka shayar da jakai, sannan muka kama hanyar Tambuwal.